Bayan yaƙi, wa zai tsare talaka?

Jawabi domin cibiyoyin yaƙi da jahilci na Hamdara



Zancen yau na jami'an tsaro ne, wato ƴan sanda da jandarmomi da ƴan garda. In yaƙi ya ƙare a ƙasa, ajiye bindiga bai isa ba. Sai talaka ya daina jin tsoron mai kaki. Shi ne aiki mai wuya, shi ya sa ƙasashen waje suke kawo gudummawa a kansa.

Dattawa sun tuna da tawayen arewacin Nijar da ya fara a 1990. Matafiya sun sha wahala a hanyar Agadas, fatauci ya ja baya. Aljeriya da Burkina Faso da Faransa suka shiga tsakani. Ranar 24 ga watan Afrilu 1995 aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Yamai. Daga baya aka ɗauki waɗansu tsoffin ƴan tawaye aikin tsaro, aka sa su gadin hamada da suka sani sarai. Wanda ya tare hanya jiya ya zama mai tsaron hanya. Ranar 25 ga watan Satumba 2000 aka tara bindigogi a Agadas aka ƙone su a gaban jama'a.

Akwai ƙasar da wutar ta fi tsanani, ita ce Saliyo, a bakin teku, yamma da Nijar. Yaƙin basasa ya ci ta daga 1991 zuwa 2002. An kashe ƴan sanda da yawa, an ƙona ofisoshinsu. Waɗanda suka saura, mutane ba su yarda da su ba saboda cin hanci. A 1999 shugaban ƙasar, Ahmad Tijan Kabba, ya naɗa wani Bature ɗan Ingila, Keith Biddle, shugaban ƴan sanda. Ya riƙe aikin har 2003. Ingila ta ba da kuɗi da motoci da horo. Amma abin da ya fi amfani ba mota ba ce. An buɗe ofishi na musamman inda mace ko yaro za su kai kuka in an cuce su. An kafa kwamitoci inda masu gari da mata da matasa suke zama da ƴan sanda, su faɗi abin da ya dame su.

Nijar ma ta samu irin wannan gudummawa. A 2012, bayan rikicin Libiya da na Mali, Tarayyar Turai ta aiko da ma'aikata ƙarƙashin wani shiri mai suna EUCAP Sahel. Sun horar da ƴan sanda da jandarmomi da ƴan garda kan bincike da tsaron iyaka. A 2016 suka buɗe reshe a Agadas. A watan Disamba 2023 gwamnatin Nijar ta soke yarjejeniyar, a 2024 shirin ya rufe.

To, jama'a, ga darasi. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Baƙo yana zuwa, yana tafiya. Motar da ya bari tana tsufa. Abin da ba ya tsufa shi ne amana tsakanin mai kaki da mutanen gari.

A nan ne karatunku yake da rana. In takardar sammaci ta zo, ku karanta suna da rana da wurin da ake kira, ko ku kai wa malamin cibiya. In an ci mutum tara, ya nemi takardar shaidar biya, ya duba kuɗin da aka rubuta. Kada kowa ya dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ke cikinta ba. In an sace dabba ko rigima ta tashi tsakanin manomi da makiyayi, a gaya wa mai gari, a kai magana ga hukuma. Kada a ɗauki sanda.

Jami'in kirki yana jin daɗin aiki da mutanen da suka san haƙƙinsu. Maras kirki kuwa yana shakkar mai karatu.

Allah ya ba Damagaram da Nijar baki ɗaya zaman lafiya. Amin.