Lambar Waya Ba Ta Ceto Sai Da Mai Ɗagawa

(Jawabin da ɗaya daga cikin shugabannin ƙungiyarmu ya gabatar a taron makiyaya da fataken shanu da aka yi a unguwar Biyafara ta Tireshbil, cikin birnin Abijan.)

 

Sarakunan zango, malamanmu, arɗoɗin Fulani, masu masauki, dillalai, mahauta da 'yan rakiyar shanu, ina gaishe ku da zuwa, musamman waɗanda suka tsallako gada daga Ajame da waɗanda suka bar dabbobinsu a kasuwa domin halartar wannan taro. An ɗora mini in yi bayani a kan wayar neman agaji, asalinta da kuma dalilin da ya sa muke son ƙungiyarmu ta kafa tata. Ni karatuna bai wuce firamare ba. Abin da zan faɗa na tattaro shi ne daga bakin manya da masu karatu, da kuma abin da idona ya gani a bakin kasuwa.

Zan fara da labarin wani yaro ɗan rakiya. Kun san aikinsu: suna cikin babbar mota tare da shanu kwana da kwanaki, duk wadda ta faɗi sai su tashe ta don kada sauran su tattake ta. To, ana gab da shigowa Abijan wani bijimi ya matse masa ƙafa a jikin ƙarfen mota. Direba ya sauke shi kusa da tashar Ajame cikin dare, ya ce ya nemi mutanensa. Yaron yana da lamba a wata 'yar takarda da mahaifinsa ya ba shi tun daga ruga, ya roƙi wani ya buga masa, ta ƙi shiga. Ashe tsohuwar lamba ce mai alƙaluma takwas, alhali tun ranar 31 ga Janairu 2021 lambobin ƙasar nan suka koma goma. Ba ya jin Faransanci, ba ya jin Julanci. A nan ya kwana, ƙafa na ta kumbura, sai da asuba wani mai shayi ɗan Nijar ya ji yana nishi da Fulatanci, ya kira ni. Mun kai shi asibiti, Allah Ya sa ba a yanke ƙafar ba, amma har gobe yana ɗingishi, rakiya kuwa ta ƙare masa. Likita ya ce da an kawo shi tun daren da abin bai kai haka ba.

Jama'a, wannan yaro bai fi tafiyar 'yan mintoci da gidajenmu ba, amma sai ka ce a tsakiyar daji yake.

Kakanninmu ba su da waya, amma suna da tsarin da ke hana irin wannan. Falke in ya taso daga Katsina ko Maraɗi ko Tawa, ya san sunan maigidan da zai sauka wurinsa tun kafin ya ɗaura kaya. Maigidan nan shi ne masaukinsa, shi ne ma'ajin kuɗinsa, shi ke haɗa shi da dillali, shi ke tsaya masa in mahauci ya ɗauki saniya bashi. In ciwo ya kama shi, maigida ya san inda za a kai shi. In ya rasu, shi zai yi masa sutura, ya aika wa danginsa da abin da ya bari. Abin da ya fi ƙarfin maigida kuma sai a kai wa sarkin zango. Wani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan, ya rubuta littafi a kan wannan tsari na fataucin shanu da goro, aka buga shi a 1969. Haka yake a Kumasi, haka kuma iyayenmu suka kafa shi a nan Tireshbil da Ajame.

Waɗanda suka manyanta a cikinku sun tuna yadda tsarin ya ɗauki nauyi. A 1991 aka fito da katin zama na baƙi, kuma har zuwa 2007 da aka soke shi ga 'yan ƙasashen Sedeyawo, masu masauki ne ke sintiri zuwa komisariya domin fito da baƙinsu. A Janairun 1994 darajar sefa ta faɗi da rabi, naman Turai ya yi tsada, shanun arewa suka samu kasuwa, baƙi suka ƙaru har suka fi ƙarfin gidajen sauka. A 1996 salula ta shigo ƙasar nan, sannu a hankali kowa ya samu tasa, falke ya fara cin kasuwa ba tare da ya taka ƙofar maigida ba. Mun ji daɗin wannan sauƙi, sai dai ranar wahala ta nuna mana abin da muka zubar. A rikicin da ya tashi 19 ga Satumba 2002, da na bayan zaɓe a 2010 da 2011, da yawa daga cikinmu suna riƙe da waya a hannu amma ba su san wa za su kira ba. Haka abin ya kasance a Buna cikin Maris 2016, inda faɗan manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da talatin, dubbai suka bar gidajensu. Ko a 2024, lokacin da aka tashi kasuwar dabbobi ta Porbuwe aka ce a koma Ajame, akwai fataken da suka iso da mota cike da raguna ba su san inda za su sauke ba.

To, ina asalin wayar agaji? Masu karatu sun ce iri biyu ce, kuma duk a birnin Landan aka fara su. Ta farko ita ce wadda ake kira a aiko da taimako. A 1935 gobara ta kashe mata biyar a wani gida, maƙwabcin da ya yi ta neman 'yan kwana-kwana ta waya kuwa aka bar shi yana jiran layi. Wannan ya sa a 1937 aka keɓe lamba 999 domin gaggawa kawai. Amurka ta bi sahu da 911 a 1968.

Ta biyun ita ce wadda na fi son ku saurara. Wani limamin Kirista mai suna Chad Varah, farkon kama aikinsa a 1935, ya yi jana'izar wata yarinya 'yar kimanin shekara 14 wadda ta kashe kanta. Jinin al'ada ta gani karon farko, ta ɗauka muguwar cuta ce ta kama ta, ba ta kuma da wanda za ta tambaya. Abin ya tsaya masa a rai har shekara 18. A Nuwamban 1953 ya ajiye waya a majami'arsa, ya sanar cewa duk wanda duniya ta yi wa zafi ya kira. Daga baya ya lura cewa mutanen da ke zuwa taya shi, masu ba baƙi shayi suna hira da su kafin ya fito, sau da yawa su ne ke sanyaya musu zuciya. Sai ya miƙa musu aikin. Daga nan ƙungiyar Samaritans ta samo asali, wadda ke amsa waya dare da rana har yau.

Kada wani ya ce wannan matsalar Turawa ce. Mu masu fulaku da kunya mun fi kowa iya haɗiye baƙin ciki. Mutum ya tara garke shekara ashirin, ɓarayi su kore shi a dare ɗaya. Ko falke ya kawo shanun mutanen garinsu amana, a cinye kuɗin, ya kasa komawa gida, ya kasa faɗa wa kowa. Dukanmu mun san irinsu, mun ga yadda suke ramewa suna daina zuwa masallaci. Irin wannan mutum kunne yake bukata kafin kuɗi.

A nan Kwaddebuwa gwamnati tana da nata layuka, ya kamata kowa ya haddace su: 180 'yan kwana-kwana, 185 motar asibiti, 116 yaron da ya shiga wani hali, 1308 macen da aka ci zarafinta. Kazalika tun 1996 akwai dokar da ta tanadi kwamitin sulhu tsakanin manomi da makiyayi, a fara daga ƙauye, in ya gagara a tafi gaban sufurefe, sa'an nan a 2016 aka yi dokar da ta tsara zirga-zirgar dabbobi. Ƙasashen Sedeyawo kuma sun amince tun 1998 da takardar tsallaka iyaka da dabbobi. Duk waɗannan ƙofofi ne a buɗe. Matsalarmu ita ce galibi da Faransanci ake magana a cikinsu, kuma makiyayin da aka tsare masa shanu a gonar wani bai san wadda zai ƙwanƙwasa ba.

Saboda haka ga abin da shugabanni suka kawo gabanku. Muna son waya ɗaya ta ƙungiya, wadda ba ta mutum ɗaya ba ce, ba a kashe ta, ba a tafiya da ita gida ganin iyali. Za a yi karɓa-karɓa tsakanin 'yan Tireshbil da 'yan Ajame, kuma wanda zai riƙe ta sai yana jin Hausa da Fulatanci, yana kuma iya kare kansa da Faransanci ko Julanci. Tare da ita akwai littafi mai ɗauke da inda za a tura kowace matsala: asibiti mafi kusa da kowace tasha, likitan dabbobi, ofishin jakadancin Nijar da na Nijeriya da na Mali da na Burkina, limamin da za a nema in an yi rasuwa, da wakilanmu a Wangolo da Ferke da Korogo da Buwake. A riƙa duba lambobin nan kowane wata, domin lambar da ta mutu ta fi babu cutarwa, kamar yadda kuka ji.

Mai riƙe waya yana da sharuɗɗa uku. Na farko, ya saurara har mai kira ya gama, kada ya yi masa faɗa ko wa'azin da bai nema ba. Na biyu, abin da ya ji amana ce. Ranar da sirrin mutum ɗaya ya fito a majalisar shayi, ranar wayar nan ta mutu. Na uku, in ya tura mutum wani wuri, washegari ya bi sawu ya ji ko an karɓe shi. Kuma ina faɗa da babbar murya, wannan waya ba ta tara gayya ba ce. Wanda ya kira domin a haɗa masa mutane a je ramuwa, kwamitin sulhu za a nuna masa.

Game da kuɗi, shawarar ita ce dala ashirin a kan kowace saniya da aka sayar, a ajiye wurin ma'aji, a karanta lissafi a kowane taro. Da shi za a sa wa waya kuɗi, a biya mota a kai mara lafiya asibiti kafin danginsa su iso. In kun amince, za a buga lambar a ƙananan katuna, kuma ina roƙon kowane falke da kowane direba kada ya ɗauki ɗan rakiya sai ya sa masa katin nan a aljihu. Muna kuma bukatar iyayenmu mata a cikin masu amsawa, domin akwai maganar da mace ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba.

Kafin a watse, magatakarda yana bakin ƙofa da takarda. Wanda zai iya ba da dare ɗaya a mako ya ba da sunansa. Ni na riga na sa nawa a daren Juma'a.

Allah Ya tsare mu da dukiyarmu, Ya ba ƙasar da muke zaune a cikinta zaman lafiya, Ya kai matafiyanmu gida lafiya.