Jawabin Karrama Marigayi Babban Bishop Desmond Tutu



Mun taru yau domin mu girmama wani bawan Allah, Desmond Tutu na Afirka ta Kudu, wanda ya rasu ranar 26 ga Disamba, 2021, yana da shekara 90. Duniya ta san shi da yaƙi da wariyar launin fata, abin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a 1984. Amma mu yau muna tunawa da shi ne saboda yadda ya tsaya wa Falasɗinawa.

Da yawa daga cikinmu, in muka ji an ce Baitalami, labarin Kirsimeti kaɗai muke tunawa. Mun manta cewa har yau akwai mutane a can, Falasɗinawa, Kirista da Musulmi, masu gonakin zaitun da 'ya'ya a makaranta. Tutu bai manta ba. A Kirsimetin 1989 ya je Bait Sahur, garin da ke kusa da Baitalami, inda ake cewa nan ne filin makiyaya. A shekarar nan mutanen garin sun ƙi biyan haraji ga mulkin sojan Isra'ila, aka kwashe musu kayan gida da na shago. Ya je ya yi addu'a tare da su.

A Nuwamban 2006, harsasan manyan bindigogin Isra'ila suka faɗa kan gidaje a Bait Hanun da ke Gaza, suka kashe mutum 19, yawancinsu dangi ɗaya. Isra'ila ta ce kuskuren na'ura ne. Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa Tutu ya bincika, amma Isra'ila ba ta ba shi izinin shiga ba. Bai haƙura ba. A watan Mayu 2008 ya bi ta Masar ya shiga Gaza, ya zauna da waɗanda suka rasa 'yan'uwansu, ya saurare su. A wannan tafiya kuma ya gaya wa shugabannin Hamas su daina harba rokoki kan fararen hular Isra'ila. A wurinsa jinin yaro ɗaya ne, ko ɗan wane ne.

Wannan tsayawa ta jawo masa zagi, har daga waɗanda suka yabe shi a dā. Bai ja da baya ba.

'Yan'uwa, a ƙauyukanmu ma akwai wanda aka cinye wa gona, mu kuwa muka yi shiru domin ba namu ba ne. Karramawar da ta dace da Tutu ita ce mu buɗe baki a irin wannan rana.

Mu tashi tsaye mu yi addu'a domin iyalan Gaza da na Isra'ila da ke makoki. Ubangiji ya ba ƙasar nan adalci da salama. Amin.