Jawabin Taron Ƙungiya: Mu San Juna Tun Kafin Fitina

Mai girma Sarkin Hausawa, malamai, dattawa, 'yan'uwa maza da mata.

Mu dai ba ma neman lauya sai an cika mota da yaranmu, 'yan acaba da 'yan dako, an yi caji ofis da su. To a lokacin nan wa muka sani? Tsarin Mulki na 1999, sashe na 41, ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama inda ya ga dama, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci don ƙabila ko addini. Amma fa takarda ba ta zuwa beli da tsakar dare, sai mutum.

Ku tuna Shagamu, Yulin 1999. An yi rikici a can, cikin 'yan kwanaki ramuwa ta faɗa kan Yarbawan Kano, waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Ramuwar nan ba ta dawo wa kowa da rumfarsa ta goro ba. Da shugabannin Sabo da na Sabon Garin Kano sun saba magana da juna, ai da wutar ba ta kai haka ba.

Saboda haka muke son kwamitin mutum uku ya ziyarci reshen Ƙungiyar Lauyoyi na nan garin, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa, ya kuma rubuta wa ƙungiyoyin Yarbawa da Ibo na Kano da Kaduna. Sai dai akwai sharaɗi: in an taɓa nasu a Arewa, mu ma sai mu fito mu yi magana. Mai son shiga kwamitin ya ga sakatare bayan La'asar.

Wassalamu alaikum.