Hakkin 'Yan Sandan Kurar Mota A Kanmu

 

Yau zan yi magana ne a kan wasu bayin Allah da suka rasu wajen tsaronmu.

Ranar Lahadi, 18 ga Yuli, 2021, ana saura kwana biyu Babbar Sallah. Akwai 'yan sandan kwantar da tarzoma da aka ajiye a Kurar Mota, nan cikin ƙaramar hukumarmu ta Bungudu. Sai labari ya zo musu cewa 'yan bindiga za su afka wa ƙauyukan da ke kusa. Suka tashi don kai ɗauki. Ashe an yi musu kwanton ɓauna. 'Yan sanda 13 suka rasu a ranar. Kakakin 'yan sandan Zamfara na lokacin, Mohammed Shehu, shi ya tabbatar da haka. Kafin nan, a ƙarshen 2018, an kashe wasu 16 a yankin Birnin Magaji.

Na sani, da yawanmu muna da ƙorafi a kan ɗan sanda. Wani an karɓe masa kuɗi a shingen hanya. Wannan laifi ne, ba mu goyon bayansa. Amma mu yi adalci. Mutanen nan sun nufi inda kowa ke gudu, don kiranmu suka amsa. Saboda haka suna da hakki biyu a kanmu.

Na farko, mu kama bakinmu. Sau da yawa ɓarawon daji ba ya sanin motsin jami'an tsaro sai wani na gida ya tsegunta masa. Hausawa sun ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kada ka faɗi inda ka ga motarsu ta nufa, ko a kasuwa ko a waya. In ka ga baƙuwar fuska ko motsin da ba ka yarda da shi ba, sanar da mai gari ko ofishin 'yan sanda da wuri.

Na biyu, iyalansu. Dokar fansho ta 2014 ta ce a yi wa ma'aikaci inshorar rai. In ya rasu a bakin aiki, magadansa za su sami aƙalla ninki uku na albashinsa na shekara. Amma kuɗin ba su fita sai da takardu, kamar shaidar mutuwa da takardar gado ta kotu. In akwai matar marigayi a unguwarku, wanda ya iya karatu ya duba mata takardun, ya raka ta ofis. In an yi girbi, a tuna da marayunta ko da tiya ɗaya ce.

Allah Ya ba iyalansu haƙuri, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara.