Sanyin Ƙarfe da Hannun Mai Sana'a

Jawabi ga Hakimai da Malamansu

A watannin Disamba da Janairu, in hunturu ya kankama a Kano, ƙarfe yakan wayi gari da sanyi ƙwarai. Dalili kuwa, ƙarfe yana zuƙe ɗumin hannu fiye da itace nesa ba kusa ba. Shi ya sa kan guduma ya fi ƙotarta sanyi, ko da yake wuri guda suka kwana.

A Tudun Murtala, cikin Ƙaramar Hukumar Nasarawa, da unguwanni irinta, akwai maƙera da masu walda da kanikawa, har da dattawan da ke taɓa ƙira don sha'awa. Mai lafiya ba ya kula da wannan sanyi. Amma mai ciwon gaɓoɓi yatsunsa kan sandare, awartaki ya kuɓuce masa. Mai sikila kuwa, sanyi kan tayar masa da ciwo har ya kwanta, iyali su rasa cefane.

Maganin abin ba shi da tsada. Kada kayan aiki su kwana a kan siminti ko a fili; a naɗe su da tsumma, a sa cikin akwatin katako a ɗaka. In hantsi ya fito a shanya su tukuna. Sifana da kurfi a naɗe mariƙinsu da robar tsohon tiyub. Ana iya ajiye su nesa kaɗan da murhu, amma kada a sa su cikin garwashi, domin wuta mai yawa tana kashe taurin ƙarfe, kaifi ya lalace.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne sha'anin wanda kuturta ko ciwon sukari ya kashe wa jin hannu. Shi yakan ƙone bai sani ba, ƙunar ta zama gyambo, har yatsa ya salwanta. Lalle wani mai lafiyar hannu ya fara taɓa masa kayan. Kuturta tana warkewa, maganinta kuma kyauta ne tun 1995. A tura mai ita asibitin Yadakunya. Mai ciwon gaɓoɓi ya nufi Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959.

Ana roƙon Hakimai su sa malamansu su karanta wa dagatai da masu unguwa da sarakunan maƙera wannan jawabi tun kafin sanyi ya sauka.