Littafin Kuɗi da Littafin Ciwo: Me Kwamfutar Asibiti Ta Sani Game da Ku?

Iyayena maza da mata, shugabannin kasuwa, fatake, dillalai, da ku 'yan'uwana mata da kuka sauke tallarku kuka zo da goyo a baya, ina yi muku barka da zuwa. Na san kowa ya bar hajarsa a hannun yaro, saboda haka ba zan ja ku da nisa ba.

Akwai wata amsa da nake yawan ji idan na tambayi mutum katinsa na asibiti. Sai ya ce mini, "Ai Malama, an sa ni a kwamfuta." Yana faɗa hankalinsa kwance, kamar wanda ya kai ajiya banki. Wannan kwanciyar hankalin ce ta tsayar da ni gabanku yau, domin manhajar da ke cikin kwamfutocin asibiti iri biyu ce, kuma aikin wannan daban ne da na waccan.

Ta farko ita ce manhajar tafiyar da harkokin asibiti. Ita kuke tararwa a tagar da ake yankar kati. Tana riƙe da sunanku, da unguwarku, da lambar waya, da ranar da aka ce ku dawo, da abin da kuka biya, da abin da ake bin ku, da bayanin inshora ga mai ita. Wata ma tana ƙirga maganin da ya rage a sito. Littafin mai shago ce, ba wani abu ba.

Ta biyu ita ce kundin lafiyar majiyyaci. Wannan tana gaban likita ko ma'aikaciyar jinya ko ungozoma. A cikinta ake rubuta abin da ya kawo mutum, da abin da awo ya nuna, da hawan jininsa, da rukunin jininsa, da maganin da aka ba shi da adadinsa, da wanda jikinsa ba ya karɓa, da alluran rigakafi, da haihuwar da mace ta yi da yadda kowace ta zo.

Wanda ya taɓa sayen sa a karar Maigatari ranar Alhamis zai gane bambancin nan da nan. Takardar da ake ba shi bayan an yi sallama tana shaida cewa an saya, an biya. Ba ta gaya masa ko san ya taɓa ciwon huhu, ko an yi masa allura bara. Wannan sai makiyayin da ya rene shi. To, tagar yankar kati takardar ciniki take bayarwa, kundin lafiya kuwa shi ne makiyayin.

Ƙananan asibitoci sukan fara da ta farko, kuma ban ga laifinsu ba. Kwamfuta ɗaya da ma'aikaci ɗaya sun ishe ta, ga shi tana toshe ɓatan kuɗi. Ta biyu kuwa tana son na'ura a kowane ɗaki, da wutar da ba ta yankewa, da horo, da lokacin rubutu ga ma'aikacin da mutum sittin ke jiransa a kan benci. Akwai ta kyauta, irin su OpenMRS da aka fara a 2004 domin kula da masu cuta mai karya garkuwar jiki a ƙasar Kenya, amma kyautar manhaja ba ta sayen batir. Shi ya sa za ku ga kwamfuta a bakin ƙofa, amma a ciki likita yana rubutu da biro a kan fayil. Wasu wuraren sun haɗa biyun a manhaja ɗaya. Da ido ba za ku bambance ba, sai kun tambaya.

Akwai ma wata ta uku da kan ruɗi mutane, wato DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke kula da ita, kuma ma'aikatun lafiya na Najeriya da Nijar duka suna aiki da ita. Galibin abin da ake zuba mata ƙidaya ce ta ƙarshen wata: yara nawa aka yi wa allurar ƙyanda, mata nawa suka zo awo. Hukuma take yi wa aiki.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu, mu mutanen bakin iyaka. Ko da an rubuta ciwonku kaf a kwamfutar wani asibiti, rubutun ba ya tsallaka iyaka tare da ku. Ku kuna karya kumallo a Jibiya ku yi azahar a Maraɗi, ko ku kwana Illela ku wayi gari a Birnin Ƙonni, amma kundinku yana nan inda aka rubuta shi. Asibitoci biyu a gari ɗaya ma sau da yawa ba sa ganin na juna, balle a ce wannan da Turanci, wancan da Faransanci. Har sunan mutum canzawa yake yi a hanya: Usman a nan, Ousmane a can, Musa a nan, Moussa a can. Ga kuma tarin mutanen da aka rubuta musu 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa, saboda ba a san ainihin ranar ba.

Bari in ba ku labarin da ya tsaya mini a rai. Wani magidanci mai fataucin albasa ya zo wurinmu da ciwon mara. Ba baƙo ba ne, an same shi a kwamfutar taga, ga ranakun zuwansa duka, ga abin da ya biya, ba a bin sa ko sisi. Aka rubuta masa Septrin. Aka tambaye shi ko akwai maganin da ke tayar masa da jiki, ya ce akwai wani da aka hana shi a tsallake, amma ba wannan ne sunansa ba. Allah Ya sa uwargidansa na tare da shi. Ta kwance leda daga cikin jakarta, ta fito da tsohon karnensa na can, duk ya sha maiƙo. A shafi na biyu an ja layi da jan biro ƙarƙashin kalmar Bactrim. Jama'a, Septrin da Bactrim magani ɗaya ne, sunansa na asali cotrimoxazole, kamfanoni ne suka raɗa masa suna biyu. A karon farko fatarsa ta yi ƙuraje, bakinsa ya saɓule, har sai da aka kwantar da shi. Karo na biyu kan fi na farko muni. Kuma Fansidar da ake ba mata masu ciki domin rigakafin zazzaɓin cizon sauro danginsu ɗaya, wanda wancan ya tayar wa jiki ba a ba shi wannan. Kwamfutarmu ba ta yi ƙarya ba, abin da aka gina ta ta sani shi ta faɗa. Ledar baiwar Allah nan ce ta tsare mijinta.

Haka awon sukari. A Nijar da giram ake faɗarsa, a Najeriya da miligiram ko milimol. Awon da ake kira 1,26 a can shi ne 126 a nan, shi ne kuma 7 a ɗaya ma'aunin. Idan mai ciwon sukari ya tsallako ya ce da baki, "Sukarina ɗaya da rabi ne," mai sauraro a nan zai iya zaton ya faɗi ƙasa warwas, alhali hawa ya yi. Kamar ka ce wa mutum "dubu biyar" ne ba ka faɗa masa naira ko sefa ba.

Saboda haka ga roƙona. Duk asibitin da kuka je, kafin ku fito, ku tambaya da ladabi: "An rubuta ciwona da maganina, ko sunana da kuɗina kaɗai?" Kowace amsa aka ba ku, ku nemi a rubuta muku a kati ko a karne: sunan ciwon, da sunan maganin na asali, da adadin da ake sha, da sakamakon awo tare da ma'auninsa, da kwanan wata. Mai waya ya ɗauki hoton shafin, ya tura wa ɗansa ko ƙaninsa. Takardar kuma a sa ta a leda, ta zauna tare da katin shaida, kada a bar ta a ƙarƙashin katifa.

Katin rigakafin yaro shi ya fi ɓata, kuma shi ya fi ba ni takaici. Alluran mako 6 da 10 da 14, da ta ƙyanda a wata 9, ana yin su a ɓangarorin biyu. Idan kati na hannu, inda aka tsaya nan za a ɗora, ko an makara ba a komawa farko. Mai shan maganin tarin fuka, wanda ke ɗaukar aƙalla wata 6, kada ya tashi fatauci sai ya karɓi takardar da za ta sa a ci gaba da ba shi a inda ya sauka. Mai ciki kuma, musamman wadda aka taɓa yi wa tiyata wajen haihuwa, katin awonta ya riga zanen goyo shiga jaka.

Abu ɗaya kuma da na san ana yi: kada a ari katin wani. Idan ƙane ya shiga da sunan wansa don gudun kuɗin sabon kati, rukunin jininsa da ciwonsa sun shiga kundin wan.

Wasu sun tambaye ni game da sirri, tambaya ce mai kyau. A wurin da aka tsara abin daidai, mai yankar kati ba ya ganin abin da likita ya rubuta, wannan ma yana cikin amfanin raba manhajojin biyu. Dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ta wajabta ɓoye sirrin majiyyaci, an ƙara da dokar kare bayanan jama'a a 2023, Nijar kuwa ta yi tata dokar kare bayanan tun 2017. Kuna da damar tambayar wa ke iya buɗe kundinku.

Ku kuma dattawa da ke cikin kwamitin asibitin garinku, idan aka kawo muku maganar sayen manhaja, ku tambayi mai tallar: wacce ce daga cikin biyun? Tana aiki idan babu intanet? Tana iya buga wa majiyyaci shafi ɗaya ya tafi da shi? A ganina, a gari irin namu, wadda ba ta iya wannan na ƙarshe a dakata da ita tukuna.

Zan zauna a inuwar can har la'asar. Mai kati ko karne ya kawo mu duba tare, wanda nasa ya ɓata kuma ya zo da kwalin maganin da yake sha.