Jawabi Ga 'Yan'uwa Mazauna Kurmi: Darasi Daga Rayuwar Alhassan Ɗantata



Jama'a, duk wanda ya baro gida ya sauka Agege ko Idi-Araba a Ikko, ko Sabo a Badun, ya san irin daren da barci kan ƙaurace wa baƙo. Kuɗin guzuri sun ƙare, harshen mutanen gari bai kama ba, ga kuma iyali can gida sun zuba ido. A irin wannan dare ne zuciya kan ce wa mutum, “Kai ba ka da jari, ba ka yi boko ba, ba ka da kowa, ina za ka kai?” To, a kan wannan murya nake so in yi magana, domin ta fi yunwa karya mutum. Zan kuwa amsa mata da labarin wani wanda ya riga mu bin hanyar kudu.

An haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji ta ƙasar Kano a 1877, cikin Agalawa fatake. Yana ɗan shekara 8 mahaifinsa ya rasu. Mahaifiyarsa ta tafi Ankara ta ƙasar Gwalkwas, watau Ghana ta yanzu, ta bar shi hannun wata tsohuwa mai suna Tata, wadda da sunanta ne duniya ta san shi. Da aka yi basasar Kano, wadda ta ɓarke a 1893, yaƙi ya ci Bebeji, aka kama Alhassan aka bautar da shi, sai da fansa ya kuɓuta. Ku duba fa: maraici, rabuwa da uwa, sa'an nan bauta, duk kafin ya cika shekara 20. Wane ne a cikinmu zai ce farkonsa ya fi wannan ɗaci?

Amma bai zauna yana ƙirga asararsa ba. Ya kama fataucin goro a hanyar Gwanja, tafiyar watanni a ƙasa da jakuna. Da ya lura jiragen ruwa suna zirga-zirga a gaɓar teku, sai ya riƙa ɗoro goronsa daga Ankara zuwa wannan Ikko da muke ciki, ya rage wa kansa kwanaki da hasara. Sa'ad da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, shi kuwa ya riga ya tara abu biyu: ɗan jari da sunan gaskiya. Saboda haka a 1918 Kamfanin Neja ya neme shi ya riƙa sayo masa gyaɗa. A 1929, da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, kuɗin azurfa kayan raƙuma 20 ya kai ajiya. Ya rasu a 1955, ana lasafta shi attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma.

Kada ku ɗauka ina yi muku alkawarin kowa zai zama Ɗantata. Arziki na Allah ne, Shi ke rabawa. Abin da ke hannunmu shi ne halin da mutumin nan ya riƙe. Ya yi tsimi, bai ci ribarsa tun tana ɗanya ba. Ya riƙe amana, har fatake suka yarda su karɓi kuɗinsa su shiga ƙauyuka, baƙi kuma suka yarda su ba shi nasu. Ya kuma buɗe ido, duk sabuwar hanyar da ta ɓullo bai ji tsoronta ba don ba ta kakanninsa ba ce.

Saboda haka, kai mai dako a Mile 12, da kai mai gadi, da mai tura ruwa, da mai wankin takalmi, kada ka raina sana'arka, kada kuma ka raina kanka. Ware wani abu daga cinikin kowace rana, ko yaya ƙanƙantarsa, ka shiga adashi, domin da yayyafi kogi kan cika. Koyi harshen masu masaukinka, ka zauna da su lafiya. Sa 'ya'yanka makaranta, ta allo da ta boko. In aka ba ka ajiya, mayar da ita yadda aka ba ka, gama a baƙunci sunan kirki shi ne jarin farko, kuma abin da ɗayanmu ya ɓata, dukanmu ake tuhuma.

Ku kuma manya da kuka riga kuka kafu, ku tuna daren da kuka fara kwana a garin nan. In kun ga yaro ya sauko daga mota da 'yar jakarsa, ku ja shi a jiki, ku nuna masa hanya.

Allah Ya ba mu haƙuri da juriya, Ya sa albarka a neman halal ɗinmu, Ya mai da kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum.